Dashen Turare a Bakin Fadama

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan gwiwar nan ta yi sauƙi, kunnen kuma bai ƙara toshewa ba. Na kira ki a waya ranar da na ji labarin ambaliya, kika yi ta cewa "wane ne?" har na haƙura na kashe. Shi ya sa na koma takarda yadda kike so. Direban motar da ke zuwa garinku ya yarda zai riƙa kai miki. Mu nan lafiya lau. Mai ɗakina tana gaishe ki, jaririyarmu kuma ta fara haƙori, ta hana kowa sakat.

Na ji ruwa ya shiga unguwarku har tagogi, ya rushe katangar makarantar da kika koyar. Allah ya mayar da alheri. Ke da mahaifina kakanni kawai kuka haɗa, amma a ɗakinki na zauna duk tsawon karatuna na sakandare, don haka abin ya taɓa ni kamar a gidanmu aka yi.

Ga albishir. Kin san duk shekara hukumar ruwa, inda nake aiki, sai ta ƙara wa bangon simintin bakin kogi tsawo, ruwa kuma ya zo ya haye shi. Damina ta canza hali, ruwan da ya kamata ya sauko a hankali yanzu a tare yake zubowa. To, an gane cewa fadamar da ke sama da gari, wadda aka toshe wa hanyoyin ruwa har ta bushe, ita ce a da take shanye ambaliya kafin ta iso gidaje. Ta riƙe ruwan, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har cikin rani. Yanzu za a buɗe mata hanyoyinta, a dawo da ita yadda take, da ciyayinta da itatuwanta. Kuma ni aka ɗora wa ɓangaren garinku, Gwaggo. Ni ɗin nan da kike cewa ko layi miƙaƙƙe ban iya ja ba.

Za a buƙaci dashen itatuwa mai yawan gaske. Shawarar da na kawo ita ce a karɓa daga hannun masu lambun wurin maimakon kamfani. Ku shirya.

Ɗanki,
Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso lafiya, na kuma ga har yanzu rubutunka kamar tonon kaza yake. Duk digirin nan bai gyara maka hannu ba. Gwiwa tana nan da halinta, da safe ta ƙi, da rana ta yarda. Kunne kuwa abin da nake so kawai nake ji, kuma hakan ya fi mini. Ka ce wa matarka ta yi haƙuri da 'yar, kai ma haka ka yi wa uwarka, har maƙwabta suka san ka.

Ruwa ya yi mana ɓarna. Katifata har yau tana kan rufin ɗaki tana shan rana, littattafan da na tara kuwa sun zama kunu. Amma da rai, alhamdu lillahi. Tun da na bar aji kana sane ɗan lambu nake yi a bakin kogi tare da sauran masu lambu. Da yamma mukan taru a rumfar injin ban ruwa, kuma a can na karanta musu takardarka da ƙarfi, na maimaita wurin da ka ce kai aka ɗora wa aikin.

Mai Inji, dattijon da injin yake nasa, ya tsuke baki ya ce, "Malama, maganar ɗan nan naki tana da tushe kuwa? Mun sha jin za a yi, za a yi."

Na ce masa, "Ni na raine shi. In ya ce ku shirya, to ku shirya."

Daga nan babu wanda ya ƙara musu. Ka ga ke nan sunana na ɗora a kan maganarka, kuma ka san a unguwar nan ba ni da wata dukiya da ta wuce shi.

Takarda ta cika, na juya baya.

Mai albasa, wanda na koyar tun yana majina, shi ya tambaya wane irin itace ake so. Ba ka faɗa ba. Muka tattauna, muka tsaya a kan itacen turare, domin yana saurin tashi, awaki ba sa cinsa, ga irinsa nan birjik a ƙarƙashin manyan da ke hanyar asibiti. Amma dashe mai yawa yana son fili, sai kowa ya bar wani ɓangare na lambunsa bai shuka kayan miya ba bana. Don haka ga tambayata, ka amsa da wuri: turare ya yi? In ka ce mu ci gaba, zan ɗauka ya yi.

Uwarka,
Gwaggo

*

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, a tsaye nake rubutun nan, mota tana jira. An tura ni taro a wata ƙasa kan irin wannan aikin, daga can kuma zan zagaya wasu garuruwan. Na yi dariya da maganar tonon kaza. Na ji daɗi da mutane suka karɓi batun, na kuma gode da yadda kika tsaya mini. Ku ci gaba, Allah ya taimaka. A riƙa shafa wa gwiwar magani.

Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ka dawo lafiya, domin shirun ya yi yawa. Duk ranar da motar ta shigo sai na tsaya a bakin tasha, direban ya girgiza mini kai tun daga nesa, har ya fara jin kunyata. Na san manya ba sa samun lokacin takarda. Ni lafiya, sai bayan da ya shiga sahun gwiwa saboda sunkuyo.

Da ka ga bakin kogi yanzu da ba ka gane shi ba. Da muka samu amsarka, washegari aka fara. Ledoji baƙaƙe a jere, layi bayan layi, kowace da ɗan turarenta. Na farkon sun kai gwiwa. Matan unguwa suna cika leda da ƙasa, Mai Inji yana ba da ruwa ba tare da ya ce uffan ba, shi da ko gaisuwa sai ya auna. Mai albasa ya fi kowa zafi, lambunsa gaba ɗaya ya mayar wurin reno, bai bar ko fangali ɗaya na albasa ba. Na ce masa ya rage, ya ce, "Malama, ai ke kika karanta mana, me zan ji wa tsoro?" Gabana ya ɗan faɗi da jin haka, amma na tuna kai ne.

Akwai kuma abin da muka so mu ɓoye maka sai ka zo, amma bakina ba ya riƙe daɗi. Waɗanda suka yi ƙarfi mun fara dasa su da kanmu a gefen fadamar, tun daga tsohuwar gada har kwanar da ruwa ke fara shiga. Mun ce in manyanka suka zo su tarar mutanen Dogo ba sa jiran a ce musu. Sun kama, ganyen har ƙamshi yake in ka murza.

Yaushe za a zo karɓa? Ba na matsa maka, mutane ne ke tambayata, ni kuma kullum sai na ce an kusa.

Uwarka,
Gwaggo

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan bayan ya lafa. Mu lafiya, 'yar ta fara tsayawa da kujera. Na dawo tuni. Takardarki ta daɗe a kan teburina, ina ɗauka ina ajiyewa, domin ban san ta inda zan fara ba.

Gwaggo, turare ba zai yi ba. Ba wai bai fi kyau ba ne, shi ne itacen da ya fi kowane illa ga wannan aikin. Saiwarsa tana nitsewa ƙasa tana zuƙar ruwa rani da damina, har inda ake son busar da wuri mai laima shi ake dasawa. Ganyensa in ya zuba ciyawa ba ta tsira a ƙarƙashinsa, ƙasa ta zauna tsirara, ruwa ya zo ya kwashe ta. Fadama kuwa laimarta da ciyayinta su ne ƙarfinta. Abin da ake so shi ne itatuwan da suka saba tsayawa cikin ruwa, irin giyayya da malmo, da ciyawar jema a gefe don ta riƙe gaɓa. Waɗanda kuka dasa daga gada zuwa kwana, dole a tuge su.

Da na karanta takardarki ta ƙarshe sai na koma neman ta baya. Na buɗe aljihun tebur na lalubo wadda ta gabace ta, na ga inda kika ce kin juya baya. Ban juya ba, Gwaggo. Ranar ina sauri, na karanta gaba, na yi dariya, na ji daɗin yabon da kika yi mini a gaban mutane, na rubuta "ku ci gaba" ina nufin ku ci gaba da fatan alheri. Tambayarki ban gan ta ba sai yanzu. Tun farko ma bai kamata in ce ku shirya ba alhali ban faɗi abin da za a shirya ba. So nake ki ga na zama wani abu, shi ke nan.

Na gwada. Na shiga ofishin shugabar sashenmu, na tarar da ita tana cin abincin rana a kan taswirar garinku, fanka tana ɗaga gefen takardar. Na ce mutanen wurin sun yi dashen turare da yawa, ko za a karɓi wani abu a ciki. Ta ajiye cokali ta ce, "Mu kashe fadamar da muka zo rayawa? Ko guda ɗaya." Na ce ko a kai wani wurin. Ta ce aikinmu bai da wani wurin. Gaskiyarta ce, da ni ne a kujerarta abin da zan faɗa ke nan.

Za a yi taro da masu lambu a garinku kafin a fara buɗe hanyoyin ruwa. Zan zo. Zan tsaya a gaban Mai Inji da mai albasa in ce ni na rubuta, ni na ƙi karantawa, ke ba ki da laifin komai. Kada ki gaya musu kafin nan, ki bar mini, nauyina ne. Ki yafe mini.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo,

Na amsa gaisuwa. Lafiya ta jiki akwai ta.

Na karanta takardarka gaba da baya, ni kam ina juyawa. Ban yi fushi yadda ka zata ba, ko kuma fushin bai samu wuri ba tukuna. Abin da ya cika mini ciki shi ne mutanen nan. Ba kai ka tsaya a rumfa ka ce "ni na raine shi" ba, ni ce. Da na ga amsarka gajeriya ce, ba ta ambaci turare ba, ya kamata in sake tambaya. Na ga hakan a lokacin, na kau da kai, domin ina son in koma musu da labari mai daɗi.

Na yi shiru yadda ka ce, amma shirun nan yana ci na. Kullum da safe ina ganin mai albasa yana jan garwa yana ban ruwa, yana cire busasshen ganye da yatsa ɗaya-ɗaya. Jiya ya ɗago ya ce, "Malama, kalli wannan, ya kusa kai mini ƙugu." Na ce ma sha Allah, na wuce da sauri kamar mai jin fitsari. Lokacin dashen albasa ya riga ya wuce, ko yau na faɗa ba zai dawo ba, da wannan nake lallashin kaina.

An liƙa sanarwar taron a ƙofar makaranta. Na wanke maka zanen gado, ɗakinka na da yana nan. Ka zo, Dogo.

Gwaggo

*

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaisuwa, in har kina amsawa. Ina fatan wannan ta riga taron isowa, ko da yake direban ya ce motarsa tana gareji.

Ba zan zo ba. Zan iya cewa an tura ni wani gari, kuma an tura ni ɗin, amma ni na nemi a tura ni. Akwai abin da ban faɗa miki ba. Ranar da na shiga wurin shugabarmu, cewa na yi mutane sun yi dashe, ban ce ni na sa su ba. Lokacin da na rubuta miki takardar farko ba a sa hannu a kan aikin ba, kuma an gargaɗe mu kada kowa ya yi wa mutanen gari alkawari. Ita da kanta za ta jagoranci taron. In na tashi na faɗi abin da na yi, a ranar za a cire ni daga aikin.

Na yi ta gaya wa kaina cewa in aka cire ni, wanda zai gaje ni kamfani zai ba dashen, masu lambu su tashi a tutar babu. Wataƙila haka ne. Amma na san ba shi ne ya hana ni zuwa ba, tsoro ne. Na dubi matata da 'yar nan, na dubi kujerar da na daɗe ina nema, ƙafata ta ƙi.

Abokin aikina mai zana taswira zai zo a madadina, mutumin kirki ne, bai san komai ba. Ki faɗa musu gaskiya, Gwaggo. Ki ce ni ne. Ki nuna musu takarduna in sun nema. Na kasa faɗa da bakina, amma ba zan musa ba.

Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da matarka, da 'yar. Ni da sauƙi. Takardarka ta iso bayan an yi taro an watse, don haka izinin da ka ba ni bai same ni ba. Ban sani ba ko da ya same ni zan yi amfani da shi.

A ajin da katangarsa ta rushe aka yi taron, muna zaune a kan bencin yara. Da motarku ta tsaya na miƙe ina leƙe. Shugabarku ta fito, mai taswira ya fito, direba ya rufe ƙofa. Na ci gaba da kallon ƙofar har wata ta ja mini zane ta ce in zauna.

Mai taswira ya yi bayani mai kyau, ban rage masa ba. Ya nuna inda ruwa zai kwanta, ya ce in fadamar ta dawo, ambaliya za ta iso gari a gajiye, rijiyoyinmu kuma ba za su ƙafe da wuri ba. Har tsofaffi suna gyaɗa kai, domin sun san ta a da. Sai ya zo kan turare. Ya ce ba za a karɓi ko ɗaya ba, na gefen fadama kuma sai an tuge. Mai albasa ya miƙe ya ce, "Ranki ya daɗe, mu fa ba da kanmu muka yi ba. Daga ofishinku aka rubuto, Malama ta karanta mana."

Shugabarku ta ce, "Wa ya rubuto?"

Duk suka juyo gare ni. Na ga ta buɗe biro. A lokacin ban san dalilin rashin zuwanka ba, amma na yi shekaru ina kallon fuskar yaron da ya ɓuya a bayan aji, na san abin da rashin zuwa yake nufi. Na tashi na ce, "Babu wanda ya rubuto a yi dashe. Ɗana ya ba ni labarin aikinsa ne kawai, irin na ɗa da uwa. Ni ce ido ya tsufa, na karanta abin da babu, na ƙara da nawa."

Na zaci za a yi gardama, Dogo. Na zaci wani zai ce, haba, Malama ba ta kuskuren karatu. Babu wanda ya ce. Nan take suka yarda. Wata daga baya ta ce, "Allah sarki, girma ne." Shugabarku ta rufe bironta, ta yi mini magana a hankali yadda ake yi wa marar lafiya. Mai albasa bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ɗauki hularsa ya fita.

An tuge na gefen fadama. Na je na tuge tare da su, ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya yi mini magana. Na cikin leda an zazzage, an tara ledojin don a sake amfani da su. Unguwa ta yi kwanaki tana ƙamshin ganyen da aka tattaka, ni kuwa tun daga nan ba na son jin sa. Mai albasa yana aikin lebura a wurin masu bulo kafin shekara ta zagayo. Matarsa ta daina aiko mini da gaisuwa, kuma ban ga laifinta ba. Na yi ƙarya a gaban mutanen da na koya wa 'ya'yansu kada su yi ta, ina neman gafarar Allah a kan wannan. Amma abin da ya fi damuna ba ƙaryar ba ce, lambun yaron nan ne, kuma a wannan ni da kai duka muna ciki.

Aikinka yana nan daram. An buɗe hanyar ruwa ta farko, ƙasa ta fara laushi, an ce kuma daga hannun masu lambu za a karɓi giyayya da malmo. Ka riƙe shi da kyau, ya yi tsada.

Shekaranjiya ofishinku ya aiko da takardar yadda ake renon sabon irin. Ina zaune a ƙofar gida Mai Inji ya taho da ita a hannu. Na gyara zama, na laluba gilashina. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gwiwa, ya tambayi baya, sannan ya ninke takardar ya wuce shagon mai sayar da katin waya, wani saurayi da bai gama sakandare ba, ya miƙa masa ya karanta.

Ka gaida matarka, ka shafa mini kan 'yar. In za ka sake rubutowa, ka rubuta abin da ni kaɗai zan karanta, domin babu wanda zai sake zama ya saurare ni.

Uwarka,
Gwaggo